Kafin a Sayi Fom ɗin JAMB: Yadda Ake Auna Damar Yaro a Jami'o'in da Ake Rububi

Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, tambaya ɗaya ce ke yawo a gidaje da ɗakunan malamai: "Malam, yaron nan ya ci 240, zai samu likitanci a Zariya?" Mai tambayar i ko a'a yake jira. Amma 240 ita kaɗai ba ta da amsa. Sai an san wane kwas ake nema, a wace jami'a, yaron ɗan wace jiha ne, me ya samu a WAEC ko NECO, kuma su wa ya tarar a layi. Makin da zai kai wani aji a Dutsin-Ma ba tare da wata fargaba ba, shi ne zai bar wani a gida yana duba waya har shekara ta ƙare, saboda ya nemi likitanci a ABU ta Zariya.

Wannan dama ana iya auna ta. Lissafi ne da uba ko yaya ko malamin aji zai iya yi da biro da takarda. Ba ya ba da tabbas, amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Abin da ya fi damuna shi ne yawancinmu sai bayan an yi rajista, an zauna jarrabawa, an biya kuɗin tantancewa, sannan muke fara lissafin, alhali wurinsa tun kafin a taka ƙafa zuwa cibiyar rajista ne.

A fara da abubuwan da ke fitar da yaro daga gasar ko da makinsa ya kai sama. Na farko takardar sakandare. A ɗauko ta a shimfiɗa a gaba, a bi darasi bayan darasi da yatsa. Daga A1 zuwa C6 su ne kiredit. D7 da E8 an wuce ne kawai, jami'a ba ta ƙirga su. Kiredit biyar ake so, kuma ba kowane biyar ba, biyar ɗin da kwas ɗin ya ambata. Mai son likitanci sai ya kawo Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Mai son lauya sai da Adabin Turanci, kuma nan ne yaran makarantu da yawa ke faɗuwa, domin wasu makarantun ba su da malamin darasin, yaro bai taɓa zama ajinsa ba, sai ya zo SS3 ya ce lauya zai zama. A duba kuma ko kiredit ɗin a zama ɗaya aka same su ko an haɗa WAEC da NECO. Kwasa-kwasai da yawa sun yarda da zama biyu, amma likitanci a mafi yawan jami'o'i zama ɗaya ake nema. Yaron da ya samu D7 a Fiziks a WAEC ya gyara a NECO, idan NECO ɗin ba ta cika biyar ita kaɗai ba, to a jami'ar da ke son zama ɗaya damarsa ba kaɗan ba ce, babu ita ne gaba ɗaya.

Na biyu haɗin darussan JAMB. Darussa huɗu ake zaunawa, Turanci dole ne ga kowa, sauran ukun kwas ne ke faɗar su. Likitanci: Fiziks, Kemistiri, Bayoloji. Injiniya: Lissafi, Fiziks, Kemistiri. Yaron da ya zauna haɗin likitanci ba zai iya juyawa injiniya daga baya ba, domin bai rubuta Lissafi ba. Hukumar JAMB tana da kundi a shafinta na intanet da ke nuna abin da kowace jami'a ke buƙata a kowane kwas, har da inda wata jami'ar ta saɓa wa sauran. A karanta shi a gida a natse. Wanda ya taɓa tsayawa a cibiyar rajista ya san yadda abin yake: layi ya yi tsawo, rana ta take, mai danna kwamfuta yana ta sauri, sai ya ɗaga kai ya ce, "Ƙanena, wane kwas?" Yaro ya yi shiru yana tunani, na bayansa suna tsaki, sai a zaɓa masa abin da ya fi kusa da hannu. Shawarar da za ta bi mutum tsawon rayuwarsa ke nan aka yanke cikin minti guda. Yaro ya tafi da takarda a aljihu, an rubuta jami'a, kwas da darussa huɗu, kuma ya karanta abin da aka buga kafin ya sa yatsa.

Sauran ƙanana ne amma suna kayar da mutum: shekarun yaro su kai 16, a ɗora sakamakon sakandare a manhajar CAPS ta JAMB, wadda ake ba da gurbi ta cikinta, idan an yi rajista kafin ya fito, kuma a sani jami'ar da ake rububinta ba ta waiwayar wanda ya sa ta a zaɓi na biyu. Waɗanda suka sa ta a farko ma sun fi ƙarfin kujerunta.

Idan yaro ya tsallake wannan, sai a zo kan maki. Jimillar JAMB 400 ce. Domin a san nauyin kowane maki, ga abin da ya faru a 2024: cikin sakamako 1,842,464 da hukumar ta fara saki, 8,401 ne kawai suka kai 300, 77,070 suka kai 250, kashi 76 cikin ɗari kuwa ba su kai 200 ba. Wato yaron da ya ci 250 yana cikin kusan mutum huɗu na sama a kowane ɗari. Ya yi ƙoƙari, a faɗa masa haka. Sai dai waɗannan dubu saba'in da bakwai ba su bazu daidai a kwasa-kwasai ba. Sun taru ne a wurare kaɗan: likitanci, famasi, aikin jinya, lauya, wasu sassan injiniya da kwamfuta, a jami'o'i ƙalilan masu suna. Yaron da ya zama zakara a makarantarsa da 250, a layin likitanci na babbar jami'ar tarayya zai iya samun kansa can baya.

Abin da ke ruɗa iyaye shi ne katof kala uku ne, kuma biyu daga ciki ba su ne ke ba da gurbi ba. Akwai wanda ake sanarwa bayan taron da JAMB ke yi da shugabannin makarantu kowace shekara. A 2025 an tsayar da 150 ga jami'o'i, 100 ga kwalejojin fasaha da na ilimi. Ma'anarsa kawai kada wata jami'a ta ɗauki wanda bai kai haka ba. Akwai na jami'a, wanda ke ba yaro izinin sayen fom ɗin tantancewa. Manyan jami'o'in Arewa sukan sa shi wajen 180, Ibadan da Legas 200. Sannan akwai na sashe, wanda shi ne na gaskiya, kuma ba a tsayar da shi tun farko. Ana jera masu nema daga mai maki mafi yawa zuwa ƙasa, a yi ta ɗauka har kujeru su ƙare. Makin mutum na ƙarshe da ya shiga shi ne katof na wannan shekarar. Shi ya sa yake hawa yana sauka. Uban da ya ji a rediyo an ce 150, ya ga ɗansa da 215, ya fara shirin sayen katifar makaranta, ya riƙe katof ɗin da bai shafi ɗansa ba.

Ba makin JAMB tsurarsa ake jerawa da shi ba. Kowace jami'a tana da yadda take haɗa shi da jarrabawarta ta tantancewa, ko da takardar sakandare, ko da duka biyun. A Jami'ar Ibadan ana raba makin JAMB da takwas ya koma bisa hamsin, jarrabawar jami'a ta kawo ragowar hamsin. A Jami'ar Legas JAMB hamsin ce, tantancewa talatin, takardar sakandare ashirin, inda A1 ke kawo maki 4, B2 3.6, B3 3.2, C4 2.8, C5 2.4, C6 kuma 2. Bari mu gwada da wannan tsari na Legas, tunda ya ƙunshi duka ukun, da yara biyu na misali.

A ce yarinya ta ci 268 a JAMB. A raba da takwas, ta samu 33.5. A tantancewa ta samu 21 cikin 30. Takardarta: A1 a Bayoloji, B2 a Kemistiri, B3 a Fiziks, B3 a Lissafi, C4 a Turanci, jimilla 16.8. Duka ta tashi da 71.3. Yaro kuma ya ci 290, wanda aka yi ta yaɗawa a unguwa. A raba da takwas, 36.25. A tantancewa ya samu 17, domin tun da sakamako ya fito ya ajiye littafi. Takardarsa C4 ɗaya, C5 biyu, C6 biyu, jimilla 11.6. Ya tashi da 64.85. Tazarar maki 22 da ya ba ta a JAMB ta koma ƙasa da maki uku bayan rabawa, ita kuwa ta wuce shi da fiye da biyar a takardar sakandare kaɗai. A irin wannan tsari, bambancin C6 da A1 a darasi guda daidai yake da maki 16 na JAMB. Ina so malaman SS2 da SS3 su riƙa yi wa yara wannan lissafi a kan allo, domin yaro da yawa yana ganin WAEC a tsallake ta kawai ake so, kiredit kiredit ne. A wasu jami'o'in haka ne. A wasu kuwa a nan ake raba gardama. Kafin komai, a nemo tsarin jami'ar da ake so a sanarwarta ta tantancewa ta bara, kada a ɗauki na wata a auna da shi.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi shafar mu, kuma wanda aka fi jahilta. Jami'o'in tarayya ba ta ƙofa ɗaya suke ɗaukar ɗalibai ba, ƙofa uku ce. Kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne zalla, ba a duba jiha. Kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar ne. Kashi 20 na jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda aka bari a baya a ilimin boko, su 23: jihohin Arewa 19 duka, da Bayelsa, Kuros Riba, Ebonyi da Ribas. Kowace ƙofa da nata katof.

A ɗauki sashe mai kujeru 150, misali. A ce 30 sun tafi ga masu shiga aji biyu kai tsaye da ɗaliban sharar fage na jami'ar. Saura 120. Cancanta ta ɗauki 54, yanki 42, jihohin da ke baya 24. Waɗannan 24 idan aka raba su ga jihohi 23, kusan kujera ɗaya ce kowace jiha. Kujerun yanki ma idan yankin ya ƙunshi jihohi da yawa, kamar yadda yake a manyan jami'o'in Arewa, rabon kowace jiha bai taka kara ya karya ba. Sashen da aka ji yana da kujeru 150, ga yaro ɗaya ɗan jiha ɗaya, abin da ke gabansa shi ne ko ya shiga cikin 54 na sama a duk ƙasar, ko ya zama ɗaya daga 'yan ƙalilan na sama a jiharsa. Kuma kujerun likitanci da lauya ba shugaban jami'a ne ke ƙara su yadda ya ga dama ba. Majalisar kula da likitoci ta ƙasa da majalisar ilimin shari'a su ke yanka wa kowace jami'a adadinta.

Abubuwa biyu ke fitowa daga nan. Ɗaya, a jami'ar Arewa, zama ɗan Arewa ba wani gata ba ne, domin kusan duk wanda ke layin shi ma ɗan yanki ne, kuma jiharsa tana cikin 23 ɗin. Abokan karawar yaro na haƙiƙa 'yan jiharsu ne. Ɗan Kano da ke neman likitanci a BUK ko ɗan Kaduna a ABU yana gogayya da tarin 'yan jiharsu masu manyan maki, fiye da yadda ɗan jihar da masu nemanta ba su da yawa a wannan jami'ar zai fuskanta. Biyu, akwai ƙofar da muke bari a buɗe ba mu shiga. Jami'o'in tarayya na Kudu ma suna da kason jihohin da ke baya, kuma yaranmu kaɗan ne ke nema a can. Ibadan takan fitar da katof na kowane kwas ƙofa-ƙofa, kowa ya gani. Na san dalilan da ke hana iyaye: nisa, kuɗin mota, tsadar rayuwa, tsoron tura 'ya mace inda ba dangi. Dalilai ne masu nauyi, ba na raina su. Amma a sa wannan ƙofa a cikin lissafi kafin a ajiye ta, musamman ga gidan da ke da 'yan uwa a Sabo ta Ibadan ko Agege.

Jami'o'in jihohi nasu tsarin daban ne: 'yan asalin jiha ake fara dubawa, sau da yawa har a raba bisa ƙananan hukumomi. Ɗan Katsina a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko ɗan Jigawa a jami'ar jiharsa da ke Kafin Hausa, yana da damar da ba zai samu da maki ɗaya a jami'ar tarayya ba. Wanda ba ɗan jihar ba kuwa ya sa ran makin da za a nema a wurinsa ya fi haka.

To, yaya ake haɗa duk wannan a fitar da amsa? A nemo katof na sashen na shekara biyu ko uku da suka wuce, na ƙofar da yaron zai bi. Inda jami'a ba ta wallafawa, a tambayi ɗaliban da ke aji ɗaya da aji biyu a sashen: nawa ka ci a JAMB, nawa a tantancewa, ɗan wace jiha ne kai? Mutum biyar ko shida sun isa a ga inda layin ya tsaya. A kula, mai mafi ƙarancin maki da aka ji labarinsa ba shi ne ma'auni ba; wataƙila ta sharar fage ya shigo, ko ɗan wata jiha ce daban. A ɗauki mafi tsananin shekarun a matsayin ma'auni. Idan jimillar yaro ta wuce shi da maki uku ko huɗu bisa ɗari, damarsa mai ƙarfi ce. Idan tana wasa a kusa da shi, sama kaɗan ko ƙasa kaɗan, rabi da rabi ne, a shirya wa duka biyun. Idan ta gaza mafi sauƙin shekarun da maki biyar, a daina cewa "a jira lis na biyu". Lis na biyu da na uku cike gurbin waɗanda ba su karɓa ba ne, kuma a likitanci ba kasafai ake ƙin karɓa ba.

Kafin jarrabawa kuwa, tunda babu maki a hannu, sai a ƙiyasta shi. Yaro ya zauna gwaji na gaskiya: tambayoyi 180, sa'a biyu, Turanci 60, sauran darussa arba'in-arba'in, a kan kwamfuta idan da hali, ba littafi, ba tashi. Daƙiƙa arba'in ke nan kowace tambaya, kuma yara da yawa da suka san karatu lokaci ne ke cinye su. Ya yi haka sau uku ko huɗu da tambayoyin shekarun da bai taɓa gani ba. A ɗauki mafi ƙanƙantar sakamakon, ba mafi girma ba, domin zauren jarrabawa da firgicinsa ba ya ƙara wa mutum maki. Yaron da gwajinsa ke tsakanin 210 da 235 a watan rajista zai iya hawa da ƙoƙari, amma kada a gina zaɓin jami'a a kan 290 da ba a taɓa gani ba.

Alfarma ba ta cikin wannan lissafi, kuma da gangan na cire ta. Ko akwai ta ko babu, ba abin da za a dogara da shi ba ne, kuma tun da aka kawo CAPS a 2017, duk gurbin da bai bi ta cikinta ba hukumar ba ta san da shi ba, yaro zai iya gama karatu ya rasa zuwa hidimar ƙasa. Wanda ya ce a ba shi kuɗi ya ƙara maki ko ya sa suna a lis, a rabu da shi.

Idan lissafi ya nuna da wuya, akwai abin yi, kuma yinsa da wuri shi ne riba. Ana iya canza jami'a ko kwas a cibiyar JAMB bayan sakamako ya fito, amma dole a yi kafin jami'ar da za a koma ta rufe fom ɗin tantancewarta. Jami'o'in tarayya da aka kafa a 2011 da 2013, irin su Dutse, Dutsin-Ma, Kashere, Gashuwa, Gusau da Birnin Kebbi, da ta kimiyyar lafiya da ke Azare, sun cancanci a duba su da idon basira. Digirinsu digirin tarayya ne. Sai dai a yi hattara da sauya kwas ba tunani. Wanda ya gudu daga likitanci zuwa famasi ko aikin jinya bai yi nisa ba, can ma cunkoson ne. Wanda kuma aka ce masa ya karɓi Bayokemistiri ko ilimin sassan jiki "daga baya a mayar da shi likitanci", ya sani wannan sauyi ba safai yake faruwa ba. Ya karɓa ne idan zai iya zama da kwas ɗin har ƙarshe. Akwai hanyar IJMB, wadda ABU ke kula da ita, mai kai ɗalibi aji biyu kai tsaye, da makarantun sharar fage kamar ta ABU da ke Funtuwa. Su ma gasa ce, kuma kujerun da ake ware musu a manyan kwasa-kwasai kaɗan ne, saboda haka a yi musu irin wannan tambaya: nawa aka ɗauka bara, da wane sakamako?

Sake zama JAMB shekara mai zuwa yana da ma'ana ga yaron da tazararsa kaɗan ce, takardarsa ta sakandare mai kyau ce, kuma akwai wanda zai tsaya a kan karatunsa a wannan shekarar. Makin JAMB na shekara ɗaya ne, ba a ajiye shi. Yaron da ya zauna sau uku makinsa bai motsa daga 200 ba, ci gaba da saya masa fom ɗin likitanci ba tausayi ba ne, shekarunsa ake ci.

Faɗa wa yaro sakamakon lissafin shi ne mafi wuya, kuma bai kamata a bar wa wani ba. A zaunar da shi, a ba shi biron ya yi rabawar da hannunsa, ya ga lambar da kansa a gefen katof na bara. Yarinyar da ta ji "ba za ki iya ba" daga bakin mahaifinta takan riƙe maganar shekaru, wadda ta ga 71 a gefen 78 takan ce, "Baba, to ina ne 71 za ta shigar da ni?" Daga nan sai a buɗe kundin tare. Bayan an yi zaɓi, a riƙa duba CAPS aƙalla sau ɗaya a mako da lambar yaron da kalmar sirrinsa, ba ta hannun mai shagon kwamfuta ba. Wani lokaci jami'a takan miƙo tayin komawa wani kwas, kuma sai yaro ya amince kafin a ci gaba. Idan gurbi ya fito, mako huɗu ake bayarwa a karɓa ko a ƙi.